Masu Sayar da "Shuwa" a Wasan Tanis

Duk shekara, da zarar an rufe manyan gasannin ƙwallon ƙafa na Turai a ƙarshen watan Mayu, sai tambaya guda ta fara yi wa wannan shafi sallama, kuma ba ta sauya kaya. Masu buga bet sun rasa Firimiya, sun rasa Laliga, hannu kuma ya saba, sai su gangaro kan tanis, wanda a daidai lokacin ake tsakiyar gasar Roland Garros a Faris, ga ta Wimbledon a Landan tana tafe. Mutumin da bai taɓa zama ya kalli zubi ɗaya na tanis ba, wanda bai san me ya sa ake ƙirga maki 15, 30, 40 ba, sai ga shi yana jera sunayen 'yan wasa goma a tikiti.

Na baya-bayan nan wani saurayi ne mai gyaran waya, shekarunsa ba su wuce ashirin da biyar ba. Ya miƙo wayarsa mai tsagaggen gilashi, a kanta hoton tikiti: suna goma, tara sun yi kore, ɗaya ja. Ya danna jan da babban yatsa kamar zai goge shi. "Malam, don Allah duba min nan. Wannan fa an ce mana shuwa ne, an riga an gama magana da ɗan wasan. Dubu biyar na biya aka sa ni a guruf ɗin." Da aka tambaye shi ko zai iya faɗin sunan ɗan wasan da ya ɓata masa tikitin, sai ya yi dariya ya ce sunan ya fi ƙarfin bakinsa. Abin da yake so a gaya masa shi ne ko ya ƙara dubu goma a mayar da shi guruf na manya, inda aka ce can ake ba da ainihin wasannin da aka saya.

Mai wannan shafi ya gaji da wannan magana, amma tunda ba ta daina zuwa ba, bari a yi ta dalla-dalla. Hukuncin caca a addini ba sai an tsaya nan ba, malamai sun faɗa a kan mumbari, yaran ma sun sani. Abin da ba su sani ba shi ne lissafin, kuma da rashin sanin lissafin ake cinye su.

Lambar nan da ke gefen sunan ɗan wasa, wadda ake kira ods, farashi ne da kamfani ya sa wa hajarsa. A raba 100 da ita, abin da ya fito shi ne kason da farashin yake nufi. Ods 1.25 na nufin kashi 80 cikin ɗari, ods 2.00 na nufin kashi 50, ods 5.00 kashi 20. To a ɗauki wasan da 'yan wasa biyu suka yi kunnen doki a ƙarfi. Gaskiyar farashi ita ce 2.00 kowanne. Kamfani ba zai ba da haka ba, zai sa kamar 1.85 da 1.85. Wanda ya zuba naira dubu a kan wannan, ya zuba dubu a kan wancan, ya kashe 2,000, kuma ko wa ya yi nasara 1,850 za a ba shi. Naira 150 ɗin nan da ta ɓace tun kafin a buga ƙwallo ɗaya, ita ce abincin kamfani. Da ita ake biyan haya, da ita ake biyan tauraron da ke murmushi a allon talla. Kamfani bai damu da wanda zai lashe wasa ba, kamar yadda dillalin kasuwar shanu bai damu da wanda ya ci riba tsakanin mai saye da mai sayarwa ba, la'adarsa ta riga ta fita.

Tikitin suna goma kuwa, wanda samari suka fi so, nan ne la'adar take haihuwa. A ce kowane wasa an sa shi 1.20. Idan aka ninka su goma za a sami kusan 6.19, dubu ɗaya ta zama dubu shida da 'yan kai, abin gwanin sha'awa. A ce kuma kowane ɗan wasa cikin goman yana da damar nasara ta gaskiya kashi 80, wanda ba ƙaramin fifiko ba ne. Damar dukkan goman su ci a tare ba ta kai kashi 11 cikin ɗari ba. Wato cikin irin wannan tikiti tara, takwas za su mutu, kuma da yawansu da suna ɗaya ko biyu za su mutu, shi ya sa mai gyaran waya yake jin kamar saura ƙiris. Ba saura ƙiris ba ne, haka aka gina abin. Wanda ya daɗe yana buga irin wannan tikiti, kowace dubu ɗaya da ya zuba kimanin naira 665 ce take dawo masa.

Yanzu ga maganar "shuwa". Waɗanda suka fi kowa sanin babu ita su ne waɗanda suka kalli tanis da idonsu.

A ranar 31 ga Mayu 2009, Rafael Nadal ya shiga fili a zagaye na huɗu na Roland Garros bai taɓa shan kaye a wannan gasa ba, wasa 31 a jere, kofi huɗu a jere. Abokin karawarsa, Robin Söderling ɗan Suwidin, makonni kaɗan kafin nan Nadal ya lallasa shi 6-1, 6-0 a Rum, a kan irin wannan jar ƙasar. In da akwai wasan da ya cancanci a kira shi shuwa a tarihin tanis, wannan ne. Söderling ya cinye shi zubi uku da ɗaya. A 2012 Lukas Rosol, na 100 a duniya, ya fitar da Nadal a zagaye na biyu na Wimbledon. Shekarar da ta biyo baya Sergiy Stakhovsky, na 116, ya yi wa Roger Federer haka a wannan fili, a wannan zagaye, ya katse masa jerin manyan gasa 36 da yake kaiwa aƙalla matakin 'yan takwas. A 2015 Serena Williams na neman wasa biyu kacal ta haɗa manyan kofuna huɗu a shekara guda, sai Roberta Vinci 'yar Italiya, wadda ba ta ma cikin jerin manyan gasar, ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe a New York. A 2017 Denis Istomin, na 117, ya kori Novak Djokovic daga gasar Ostareliya, gasar da Djokovic ya riga ya lashe sau shida a lokacin. A 2021 Emma Raducanu, 'yar shekara 18, ta 150 a duniya, ta taso daga wasannin share fage ta ci wasa goma ba ta rasa zubi ko ɗaya ba, ta ɗauki kofin Amurka. Ana iya cika wannan shafi da irin waɗannan har a ci na maƙwabta.

Galibin waɗannan wasanni an sa wa gwanin farashi ƙasa-ƙasa, irin wanda samari ke cewa kyauta ce. A duba kyautar. A ods 1.05, dubu ɗaya tana jawo ribar naira 50. Sai an ci sau ashirin a jere kafin a tara abin da faɗuwa ɗaya za ta kwashe. Mutum ya kwana ashirin yana tsintar hatsi da tsinke, rana ɗaya a zo da buhu.

Dalilin da ya sa tanis yake haka yana cikin yadda ake ƙirga shi. Federer da kansa, a jawabin da ya yi wa ɗaliban jami'ar Dartmouth a 2024, ya ba da lissafin rayuwarsa: cikin wasanni 1,526 da ya buga shi kaɗai ya ci kusan kashi 80, amma cikin makin da aka buga a waɗannan wasanni kashi 54 kawai ya ci. Tazarar da ke tsakanin gwanin gwanaye da wanda yake dokewa siririya ce a kowane maki, tsarin gem da zubi ne yake faɗaɗa ta. Kuma makin ba nauyinsu ɗaya ba. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 2019 Federer ya ci maki 218, Djokovic ya ci 204, Federer ya sami damar kammalawa sau biyu yana kan nasa bugun, amma Djokovic ne ya ɗaga kofi, domin shi ya ci bugun raba gardama duk sau ukun da aka yi. Mai hasashen da ya ce Federer zai fi buga wasa mai kyau a ranar bai yi ƙarya ba. Wanda ya bi shi da kuɗi ya tafi gida hannu rabbana.

Wanda yake son ganin abin kusa-kusa ya nemi wasan ƙarshe na Roland Garros na ranar 8 ga Yuni 2025. Jannik Sinner ɗan Italiya, na ɗaya a duniya, ya ci zubi biyu na farko. Carlos Alcaraz ɗan Sifaniya ya karɓi na uku. A na huɗu Sinner yana gaba 5-3, Alcaraz ne ke bugun sabis, maki ya tsaya 0-40. Dama uku ke nan a jere, ko wacce Sinner ya ci an gama, kofi nasa ne. A wannan daƙiƙa farashin Sinner a wayoyin masu buga wasa kai-tsaye ya faɗi ƙasa warwas, duk wanda ya sa kuɗi a kansa ya fara lissafin abin da zai saya. Sinner ya zubar da ta farko, ya zubar da ta biyu, ya zubar da ta uku. Alcaraz ya riƙe gem ɗinsa, ya ɗaga hannu yana kiran 'yan kallo, ya karya bugun Sinner a gem na gaba, ya ci zubin. Bayan awa 5 da minti 29, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar, Alcaraz ya kammala da 10-2 a bugun raba gardama. Makonni biyar bayan nan, a ciyawar Wimbledon inda Alcaraz ke riƙe da kofi shekara biyu a jere, Sinner ya rama, zubi uku da ɗaya. A watan Satumba a New York kuma Alcaraz ya sake karɓewa.

A nan ne jita-jitar da ta fi ɓata wa mai wannan shafi rai ta samo asali. Wai an raba ne: kai ɗauki Faris, ni in ɗauki Landan, kuma wai wani mai guruf a Telegram yana da ɗan'uwa a cikin masu rabon. Sinner ya karɓi fam miliyan 3 a Wimbledon, Alcaraz ya karɓi dala miliyan 5 a New York, ban da kuɗin tallace-tallace da ya ninka wannan. Nawa za a ba mutum irin wannan ya sayar da sunansa? In kuma an yi cinikin, ta yaya sirrin ya tsallake duk manyan attajiran caca na duniya ya sauko hannun wanda ke roƙon dubu biyar ta OPay? Wanda ya san sakamakon wasa tabbas ba ya sayar da shi, zuba kuɗinsa yake yi ya yi shiru, domin kowane mutum da ya ƙara sani farashin faɗuwa yake yi. Bokan da yake da maganin arziki ba ya zama a bakin kasuwa yana jiran ɗari biyu.

Yadda suke yi ba wani asiri ba ne, kuma tanis ya fi kowane wasa dacewa da shi, saboda babu canjaras, ko wannan ko wancan. Mutum ya tara lambobin waya 640. Ya gaya wa rabi ɗan wasa na farko zai ci, ya gaya wa rabi na biyu zai ci, kyauta. An gama wasa, mutum 320 sun ga ya faɗi daidai. Ya watsar da sauran, ya sake raba waɗannan biyu. Saura 160, sai 80, sai 40, sai 20. Mutum ashirin ɗin nan sun ga hasashe biyar a jere babu kuskure, kuma za su rantse da abin da za su rantse cewa mutumin nan yana da hanya. A lokacin ne ake buɗe musu guruf na manya. Hotunan tikitin da suka ci kuwa, yaron da ya iya waya zai haɗa irinsu cikin minti biyar, waɗanda suka faɗi kuma ana goge su kafin gari ya waye. Mai gyaran waya, da aka zana masa wannan a bayan takardar rasit, ya yi shiru, sannan ya ce shi sau huɗu aka ba shi kyauta kafin a nemi kuɗi.

Ba a ce ba a sayar da wasa a tanis ba. Ana yi, kuma an kama da yawa. Amma a ga inda ake yi da yadda yake ƙarewa. A watan Agusta 2007 a garin Sopot na ƙasar Foland, Nikolay Davydenko, na huɗu a duniya, ya kara da Martín Vassallo Argüello na Ajantina, wanda ke can ƙasa da shi nesa. Kuɗi kimanin dala miliyan 7 suka kwarara a kasuwar caca ta Betfair, mafi yawa a kan ƙaramin, har bayan Davydenko ya ci zubin farko. Davydenko ya janye a zubi na uku da ciwon ƙafa. Betfair ta soke duk cacar da aka yi a kan wasan. An yi bincike fiye da shekara, ba a sami ɗayansu da laifi ba, amma daga wannan badaƙala aka kafa sashen sa ido kan gaskiyar tanis a 2008, wanda hukumar ITIA ta gaje shi a 2021. Darasin da ke ciki ga mai tikiti shi ne, ko da labarin gaskiya ne, kuɗi da yawa a wuri ɗaya ƙararrawa suke kaɗawa, kamfani kuma yana da ikon rufe kasuwar ko soke ta.

Ainihin cinikin a ƙasan tsani ake yinsa, a ƙananan gasannin da duka kuɗin kyautarsu dala 15,000 ne za a raba wa kowa da kowa, inda ɗan wasa na ɗari bakwai ko na dubu a duniya yake biya wa kansa jirgi da masauki, ya fita a zagayen farko da abin da bai kai kuɗin otal ba. Irin waɗannan Grigor Sargsyan, wanda ake yi wa laƙabi da Maestro, ya riƙa saye daga Beljiyam, sau da yawa zubi ɗaya ko gem ɗaya kawai, har wata kotu a can ta ɗaure shi shekara biyar a 2023. 'Yan wasa fiye da ɗari ne sunansu ya fito a binciken, kuma igiyar ta jawo har Afirka. A 2024 ITIA ta dakatar da 'yan wasan Najeriya uku kan wasannin da ke da alaƙa da wannan gungu. Kafin nan an haramta wa Karim Hossam na Masar wasa har abada a 2018, ƙaninsa Youssef ya bi shi a 2020, Younes Rachidi na Maroko kuma a 2023 bisa laifuka 135. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya tallata hajarsa ga baƙi a WhatsApp. Gungu ne rufaffe, masu asusu ɗaruruwa da sunayen mutane daban-daban, suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan don kada a lura.

Su ma hukumomin tanis ba za su wanke hannu ba. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ce da kanta ta fara sayar wa kamfanin Sportradar makin ƙananan gasanni kai-tsaye a 2012, abin da ya sa wasan da babu ɗan kallo ko goma a gefensa ya zama haja a wayar kowa a duniya. A 2016, makon da BBC da BuzzFeed suka fallasa zargin sayar da wasanni, tallan kamfanin caca na William Hill ne ke kewaye da filin gasar Ostareliya. Kwamitin bincike mai zaman kansa da aka kafa bayan nan ya ba da shawara a 2018 a daina sayar da makin gasanni mafi ƙanƙanta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, sannan a hukunta yaron da ba shi da kuɗin komawa gida. 'Yan wasan kuma su ke shan zagin waɗanda tikitinsu ya mutu. Caroline Garcia ta Faransa ta wallafa irin saƙonnin da aka aiko mata bayan ta fita a zagayen farko na gasar Amurka a 2024, har da masu yi wa mahaifiyarta fatan mutuwa, ta kuma ɗora alhakin a kan caca.

Akwai wani rami da masu zuwa daga ƙwallon ƙafa ba su san da shi ba. A ƙwallo in ɗan wasa ya ji ciwo ana sako wani. A tanis in ya ji ciwo wasa ya ƙare. A zagaye na huɗu na Wimbledon ɗin 2025 da Sinner ya lashe, Grigor Dimitrov ɗan Bulgeriya yana gabansa 6-3, 7-5, ana 2-2 a zubi na uku, Sinner kuma yana fama da gwiwar hannu tun faɗuwar da ya yi a gem na farko. Dimitrov ya buga sabis mai kyau, ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa. Naman ƙirjinsa ya yage, ya fita yana hawaye. Wanda ya sa kuɗi a kan Dimitrov ya karanta wasan daidai, amma makomar kuɗinsa ta dogara ga ƙananan rubutun da bai taɓa buɗewa ba, domin kamfanoni sun sha bamban: wani yana soke caca in ba a kammala wasa ba, wani yana biya in an gama zubi ɗaya, wani da zarar an buga ƙwallon farko. Shi kuwa mai buga kai-tsaye yana kallo a waya, ya sani hoton da yake gani yana bayan filin da daƙiƙoƙi, kamfani kuma makinsa daga na'urar alƙalin wasa yake zuwa. Yana cacar makin da aka riga aka buga.

To hasashen gaskiya fa, babu shi ne? Akwai, kuma abu ne mai daɗi ga mai son wasan. Masana suna duba irin fili kafin komai: jar ƙasa tana rage gudun ƙwallo ta ɗaga ta sama, ciyawa tana sa ta zame ƙasa-ƙasa da sauri, daɓe yana tsakani. Suna duba ko zubi biyar ne, kamar na maza a manyan gasa huɗu, inda gwani ke da lokacin farfaɗowa, ko uku ne, inda minti ashirin na rikicewa ya isa. Suna duba awa nawa mutum ya yi a fili shekaranjiya. Ba sa ruɗuwa da matsayi, wanda tarin makin makonni 52 ne, ba labarin lafiyar yau ba, ba sa kuma gina gida a kan cewa wane ya doke wane sau biyu shekara uku da suka wuce. Da duk wannan, abin da masani na gaske zai ce shi ne wane yana da kamar kashi 65, ba zai ce tabbas ba. Daniil Medvedev ya lashe gasar Rum a kan jar ƙasa a Mayun 2023, ya shiga Roland Garros a matsayin na biyu, kowa ya ce ya gano sirrin ƙasar, sai Thiago Seyboth Wild na Barazil, na 172, ya fitar da shi a zagayen farko. Kuma duk abin da masanin ya duba, kamfani ya riga ya duba da kwamfutoci da ma'aikata, ya zuba shi cikin farashi, ya cire la'adarsa a sama.

Abin yi ga wanda ya riga ya shiga bai da yawa. Kada ya ƙara biyan ko sisi don a ba shi wasa, ko sunan guruf ɗin na manya ne ko na sarakuna. Ya fita, ya toshe lambar, kada ya tsaya jayayya, domin mataki na gaba shi ne a ce ya turo kuɗin da za a dawo masa da na baya. In yana ganin shi gwanin hasashe ne, ga gwaji mai arha: ya sayi littafin rubutu, wata uku yana rubuta zaɓinsa da ods ɗin kafin a fara wasa, da biro, ba tare da ya sa kuɗi ba, ya riƙa lissafa dubu ɗaya a kowanne. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da aka ci ta manta kwana goman da aka faɗi, littafi ba ya yin wannan alfarma. Mai wannan shafi ya ba mutane da dama wannan aiki, har yau babu wanda ya dawo da littafinsa yana alfahari.

Wanda kuma abin ya wuce nan, yana cin bashi don ya buga, yana taɓa kuɗin shagon maigidansa, yana ƙara kuɗi don ya ramo na jiya, yana tashi ƙarfe uku na dare duba wasan da ake yi a Ostareliya, wannan ba lissafi yake buƙata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna duba ta kamar yadda suke duba shaye-shaye, a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Iyaye kuma su daina biyan bashin a ɓoye don gudun abin kunya, wanda aka biya wa sau ɗaya a asirce ya sami jari ne. A zauna da shi, wani babba da yake jin nauyinsa ya riƙe katin banki, a goge manhajojin, a rufe asusun.

A ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne, Hisbah a Kano kuma ta matsa wa shagunan bet lamba. Rufe shago yana da amfaninsa, amma mai gyaran waya bai taɓa shiga shago ba. Shagonsa yana aljihunsa, a buɗe dare da rana, tallansa kuma yana zuwa a tsakiyar wasan da yake kallo a gidan kallo. Jihohi ne aka miƙa wa wuƙa da nama a wannan ɓangaren, masu guruf kuma suna karɓar kuɗi ta asusun banki masu suna da lamba, waɗanda ba su fi ƙarfin a bi sawunsu ba.

Wanda tanis ɗin ne ya fara burge shi a cikin wannan ɗawainiya, akwai fili a Kano Club inda ake buga gasar Dala Hard Court, ya je ya kalli yadda ƙwallo ke tashi a kan daɓe da idonsa. Mai gyaran waya dai an gaya masa kada ya tura dubu goman, ya sayi gilashin wayarsa da ita.